Sawun Kuɗin Idon Inna

Hantsi bai gama ɗagawa ba Yaya Direba ya tsaya a tsakiyar layi, ya ɗaga wayarsa sama kamar mai tallan madubi.

"Jama'a ku zo ku shaida! Kuɗin idon uwata ne! Ga hoto, ga lambarsa, an rubuta an aika. Shi kuma ya ce ko ƙwandala bai gani ba!"

Kafin ka ce kwabo layin ya cika. Mai shayi ya bar buta a kan wuta, tela ya fito da zare a bakinsa, mata suka leƙo ta saman katanga. Wayar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba, kowa ya duba ya girgiza kai.

Maganar dai ita ce: Inna, mahaifiyar Direba, yanar ido ce ta rufe mata gani har ta daina gane fuskar jikokinta. Autarta da ke aikin nas a wata ƙasa mai nisa ta yi ta tari har ta haɗa kuɗin aiki. Ta aiko da su a dalar waya, wato kuɗin nan da ke zaune cikin waya, darajarsu ba ta hawa ba ta sauka, kullum tana daidai da dala. A layin nan kuwa Mai Canji ne ke karɓar irin wannan ya ba mutum kuɗin hannu. Ya daɗe yana yi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Ga shi yau a ƙofar shagonsa, dattijo siriri da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, yana maimaita magana guda.

"Ban gani ba, ɗana. Wallahi ban gani ba."

"Kada ka ƙara ce min ɗanka! Likitan ido ƙarshen makon nan zai zo. In bai tarar da kuɗin a hannuna ba, kai za ka tarar da kanka a hannun 'yan sanda."

Wata mata da ta zo da wayarta za a yi mata canji ta mayar da ita cikin jaka a hankali, ta juya. Wannan juyawar ta fi zagin Direba ciwo. Mai Canji ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya jawo ƙofar shagon ya rufe rabi.

Duk abin nan a kan idon Diddigi aka yi. Teburinsa na gyaran waya a ƙarƙashin rumfar shagon yake. Mahaifinsa mai bin sawun shanu ne, kuma shi bai gaji saniya ko ɗaya ba, haƙurin kawai ya gada. In aka ɗauke wa mutum waya, ko aka yaudare shi ta saƙo, wurinsa ake zuwa, ya yi ta bi a hankali har ya kai inda sawu ya tsaya. Daga nan sunan ya bi shi. Ranar da ya fara zuwa layin nan ba shi da komai sai sukudireba biyu da gilashin ƙara girma. Mai Canji ne ya ce ya ajiye teburi a nan, ya jawo masa wayar wuta ta taga, kuma har yau in Diddigi ya kawo maganar haya sai dattijon ya ce kunnensa na wannan ɓangaren ba ya ji.

Diddigi ya rufe wayar da yake gyarawa da ƙyalle, ya sunkuya ya shiga shagon.

"Baba, ba ni wayarka."

*

Cikin shagon da duhu-duhu, fanka na juyawa da ƙyar. Diddigi ya zauna a kan benci ya fara da lambar. Ya gwada wadda ke cikin hoton, da ya kwafa lokacin da wayar Direba ke yawo, da ta Mai Canji, harafi bayan harafi, yana bi da farce. Ba su saɓa ba ko da ɗigo.

Dalar waya ba a iska take tafiya ba. Hanyoyi gare ta, masu ilimin abin netwok suke ce musu, kuma kowace hanya tana ajiye sawun duk abin da ya bi ta kanta, kowa na iya buɗewa ya duba. Mai Canji hanya ɗaya yake aiki da ita, tsohuwa, mai tsadar kuɗin wucewa, kuma ita kaɗai wayarsa ke nuna masa. Diddigi ya buɗe sawun wannan hanyar. Ya ga ɗan ƙaramin kuɗi ya shigo daga wajen Auta, daga nan shiru.

"Wannan ƙaramin fa?"

"Ɗanɗano ne. Ka san ƙa'idata, ba na bari a aiko da babba sai an fara aiko da kaɗan mun ga ya iso. Ni da kaina na riƙe waya da yarinyar, na faɗa mata sunan hanyar, ta danna, ya shigo."

"Babban kuma?"

"Washegari ne. Na tafi jana'izar abokina, shi ya sa na rufe shago. Yanzu rufewar ma sun ce guduwa na yi." Ya cire tabarau ya goge. "Amma na bar wa Direba saƙon murya. Na faɗi sunan hanyar, na sake faɗa, na ƙara."

Diddigi ya sake jawo wayar. Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a harkar nan: wasu hanyoyin lambar gidansu iri ɗaya ce. Kamar gida biyu masu lamba ɗaya a layi daban-daban, kuma makulli ɗaya ke buɗe su. Ya ɗauki lambar Mai Canji ya shiga da ita wata hanyar. Ba komai. Ya shiga wata. Ba komai. Da ya buɗe ta gaba sai ya matso da wayar kusa da idonsa.

Ga kuɗin nan zaune cif, ko gefensu ba a taɓa ba.

Da ya nuna masa, dattijon ya miƙe har ya ture kujera.

"Alhamdu lillahi! Kira shi! Kira Direba yanzu!"

Diddigi ya riƙe masa hannun riga. "Zauna, Baba. A gidan wa aka same su?"

"A... lambata."

"To in ka fita yanzu ka ce ga su, me mai shayi zai ce? Cewa zai yi ihu ne ya sa ka amayar da abin da ka haɗiye. Kuɗin za su koma, sunanka ba zai dawo ba."

Mai Canji ya koma ya zauna a hankali. Can ya ce, "Idon baiwar Allah fa? Kada sunana ya tsare mata gani."

"Likita sai ƙarshen mako. Ka ba ni zuwa gobe."

Mahaifin Diddigi kan ce ganin saniya rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ka san wa ya ja igiyar. Yau ga saniya a ɗaure a bayan gidan wanda ake zargi. Dole a nemo hannun da ya kai ta can.

*

Mai shayi ya riga ya yanke hukunci biyu kafin azahar. Na farko Mai Canji, na biyu Mai Hoto, mijin 'yar Inna ta tsakiya.

"Mutumin da ke ɗora kan wani a jikin wani, hoton an aika zai gagare shi? Kuma ka ga sabuwar kyamarar da ya rataya? A ina ya samu? Ni dai ban ce komai ba."

Diddigi ya san hoton ba na jabu ba ne, tunda ya ga kuɗin da idonsa. Amma Mai Hoto ɗan zamani ne, yana iya zama shi ya ba da shawarar a bi sabuwar hanya. Sai ya gangara ɗakin hotonsa, ya tarar da shi yana fama da wani jariri da ya ƙi dariya.

"Diddigi! Ka zo ka kama ni ne? Tsaya in gyara hula, kada a ɗauke ni a hargitse."

"Na zo ganin kyamara ne. An ce ta yi kyau."

"Ka ga babur ɗina a waje?"

"Ban gani ba."

"To shi ne wannan a wuyana. Yanzu a ƙafa nake zuwa biki, ango na cikin mota ina binsa da gudu." Ya kaɗa wa jaririn makullai, jaririn ya fashe da kuka. "Ka gani ko? Shi ma ya ji labari."

"Kana wurin da aka aiko da kuɗin?"

"Ni? Suruki ne fa ni. A gidan nan in ana maganar kuɗi, aikina in riƙe takalma a ƙofa. Na ce a bi ta banki ko da zai daɗe, Yaya ya ce banki ɓarayi ne masu kwat da taye a wuya. Yaya da ko datarsa ba ya buɗewa sai ya gama rubuta saƙo, ya buɗe, ya tura, ya rufe kamar mai tsoron ƙuda ya shiga." Sai ya rage murya. "Amma tsakani da Allah, Diddigi, dattijon nan bai ci ba ko? Shi ya karɓar min kuɗin kyamarata ta farko."

"Muna dai bi," in ji Diddigi.

*

Ɗakin Inna na ƙarshen tsakar gida, da labule mai ruwan ganye da rediyo a kan taga. Bai kai ga sallama ba ta yi magana daga ciki.

"Wannan jan ƙafar na Diddigi ne. Shigo, mijina. Ka daina zuwa, ko ka samu wata mai ido?"

"Ina ni ina wata, Inna? Ke ce dai kika daina ba ni kuɗin cefane."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ka ji abin da ɗan nan ya yi a layi? Ni ban aike shi ba. Tun da idona ya rufe, kunne ne ya zame min ido. Muryar Mai Canji ba muryar mai cin amana ba ce. In ya zo gaishe ni, daga soro yake cire takalmi."

"Ranar da aka aiko, kin ji wani abu?"

"A bakin ƙofar nan Direba yake tsaye da waya. Ban ji na Auta ba, nasa na ji. Yi sauri, yi sauri, data na ƙonewa. Haka yake tun yana yaro, in ka aike shi sayen gishiri sai ya zaga kasuwa ya nemo mai gyara."

Diddigi ya yi wa Auta kiran bidiyo a wayarsa. Ta ɗauka a wani dogon baranda fari, da kayan aiki a jikinta, idonta a kumbure.

"Yaya Diddigi, wallahi lambar na kwafa yadda take. Na duba ta, na sake dubawa."

"Na sani, ƙanwata. Lambar daidai ce. Ki tuna min, tsakanin aiken farko da na biyu, akwai abin da ya bambanta?"

Ta yi tunani. "Ba komai. Sai dai na biyun ya fi sauƙi. Na farko kuɗin wucewar da suka cire ya kai na abincin ranata, har na ji haushi. Na biyu kuwa ko na ashana bai kai ba. Na ce Allah ya yi wa Inna sauƙi."

"Kafin ki danna, an nuna miki sunaye ki zaɓa?"

"An nuna."

"Wa ya ce ki zaɓi wanda kika zaɓa?"

Ya ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin hannun rigarta.

"Da yatsana na danna," in ji ta a hankali. "In akwai laifi, nawa ne. Ana kirana a ɗakin marasa lafiya."

Ta kashe. Diddigi ya daɗe yana kallon wayar. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, rufe wani ta yi da zanenta. Amma zato ba sawu ba ne, kuma ba a ɗora wa mutum laifi da shirun ƙanwarsa.

*

Washegari da safe ya tafi tashar manyan motoci. Motar Direba na can gefe, ya ɗaga murfin inji yana zuba ruwa. Diddigi bai fara da shi ba. Ya zaga motar a hankali, hannu a baya, sannan ya tsuguna a gindin taya.

Jan laka ya bushe a ƙarƙashin madigadi, wato murfin saman taya, kauri kamar an yaɓa da hannu. Jikin motar duk zanen ƙaya, dogaye, daga gaba har baya. A cikin ragar gaba kuwa 'ya'yan ciyawa sun maƙale. Ya dubi motocin da ke kusa, waɗanda ke ɗaukar kaya zuwa wuri ɗaya da shi. Tayoyinsu baƙi wuluk, tsaf, sai ɗan yashi. Hanyar can kwalta ce tun daga nan har ƙarshe, sai dai akwai shingen da ake biyan kuɗin wucewa a tsakiya.

"Me kake nema a ƙarƙashin motata? Kuɗin suna can?"

Direba ne tsaye a kansa. Kusa da kusa, Diddigi ya ga idonsa ja, leɓensa a bushe. Ba fuskar wanda aka cuta ba ce kawai, akwai wani abu da ke cinsa a ciki.

"Lakar nan nake kallo, Yaya. Ina ake samun irinta a kan kwalta?"

Duk da halin da yake ciki, sai da fuskar Direba ta ɗan saki. An taɓo inda yake alfahari.

"Kwalta ta malalata ce. Akwai wata 'yar hanya ta bayan gonaki, kafin ka kai shinge ka karya hagu, ka ɓullo can gaba. Ni in ba wa mutum kuɗi don ya ɗaga min sanda? Rabon da in biya su har na manta. Duk hanyar da ta kai ka gida ai hanya ce."

"Haka ne," in ji Diddigi. Ya ɓantaro ɗan lakar ya murza a yatsa. "Af, Baba Mai Canji ya ce ya bar maka saƙon murya ran nan."

"Dattijon nan in ya fara magana sai ka yi aure ka haihu bai gama ba. Wa ke da datar saurarensa?"

Yana faɗa sai ya yi turus, kamar wanda ya taka ƙaya. Ya juya ya ci gaba da zuba ruwa, har ya cika yana zuba a ƙasa bai lura ba.

Diddigi ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Sawun mutum ɗaya ne, ko a laka ko a waya.

"Yaya, bayan la'asar mu haɗu a wurin Inna. Ina da labari."

*

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Inna na kan kujerarta. Direba ya jingina da bango, Mai Hoto ya zauna kusa da takalma kamar yadda ya saba. Mai Canji ya zo da wankakkiyar riga, ya zauna can nesa, hannu a kan gwiwa. Diddigi ya gayyato mai shayi da tela, don ya san abin da suka ji yau shi layi zai ji gobe. Wayar da Auta ke ciki aka jingina ta da buta.

"Kuɗi dai an same su," in ji Diddigi. "Ba abin da ya taɓa su."

Inna ta ɗaga hannu sama. Auta ta rufe baki ta fashe da kuka.

"A ina?" in ji mai shayi.

"A lambar Baba Mai Canji."

"Ban faɗa ba!" Mai shayi ya bugi cinya. "Ruwa ba ya tsami banza!"

Kowa ya juya wajen Direba, ana jira ya tashi da ihu. Bai tashi ba. Ƙasa yake kallo.

"Ka bari in kai aya, mai shayi, shayinka ba zai huce ba." Diddigi ya yi musu bayanin gida biyu masu lamba ɗaya a layi daban-daban. Ya nuna wa tela sawun hanyar, tela ya sa tabarau ya duba. "Karanta musu. Kafin ranar nan, an taɓa shiga gidan nan na biyu?"

"Ba komai. Wannan ne na farko, shi ne na ƙarshe."

"Kuma ba a iya fitar da kuɗi daga hanyar nan sai da ɗan kuɗin mai, nata na kanta, kamar yadda mota ba ta tashi da tanki a bushe. Akwai ko ɗigo a ciki?"

"Babu."

"Wanda ya shirya sata ba ya ajiye mota ba mai. Baba bai ma san yana da gida a layin ba. Kuma mai karɓa ba ya zaɓar hanya, mai aikawa ke zaɓa." Ya juya wajen butar. "Auta, ba zan tambaye ki sunan kowa ba. Ki dai sake faɗa wa Inna abin da kika faɗa min kan kuɗin wucewa."

Auta ta share hawaye ta faɗa: na farko kamar kuɗin abincin rana, na biyu ko na ashana bai kai ba.

Sai Inna ta fara dariya, wata irin dariya ƙasa-ƙasa mai haɗe da hawaye.

"Kai, Diddigi, da ma wannan kake ta zagaye a kai? Hanya biyu, ɗaya da tsada ɗaya da arha, aka bar mai tsada? Wanda ya ce a yi haka, ni na haife shi. Ko a duhu na san aikinsa." Ta juya fuskarta daidai inda yake, kamar tana gani. "Babba, zo nan."

Direba, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya taso ya durƙusa a gabanta.

"Ta karanto min sunaye biyu da kuɗinsu," in ji shi. "Ta ce ita ta farkon suka bi da Baba. Na ce mata duk ɗaya ne, ki bi mai arha, a rage wa Inna na magani. Da kuɗin ba su zo ba, zuciyata ta raya min ko wannan ne. Na ji tsoro, Inna. In ni ne, na makantar da ke kenan da bakina. Sai na ga hoton da lambarsa a jiki, na riƙe shi kamar mai nutsewa."

"Shi ya sa ihunka ya fi na kowa," in ji Inna. "Arha ba ta ado, Babba. Tun kana goye nake faɗa maka."

Diddigi ya ce a hankali, "Yaya, saƙon Baba na nan a wayarka? Buɗe mana. Datar a wuyana."

Mai Hoto ya yi tari don ya ɓoye dariya. Direba ya danna. Muryar dattijon ta fito, a natse. Ya gaishe shi, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya faɗi sunan hanyar, ya sake faɗa, ya ƙara. A ƙarshe ya ce, "Za ta ga wata mai arha, kada ta taɓa ta, ɗana. Kuɗin wucewar ni zan cika daga aljihuna, gudummawata ce ga idon Inna."

Direba ya kifa kai a ƙasa. Mai shayi ya cire hula ya rasa inda zai sa ta.

"Baba," in ji Direba, bai ɗago ba, "ka yafe min."

"Na yafe tun jiya, ɗana. Tsoron uwa ne ya sa ka, wannan ba abin da zan riƙe ba ne."

"Ya yafe, ni ban yafe ba," in ji Inna. "A tsakiyar layi ka zubar, a tsakiyar layi za ka kwashe."

Kafin a watse Diddigi ya ce a gode wa Allah, don sa'a aka yi. Da makullin lambar ba a hannun Baba yake ba, ko da hanyar ba irin mai buɗuwa da makulli ɗaya ba ce, da sai dai a yi ta kallon kuɗin daga nesa har abada. Lamba kaɗai ba ta isa ba. A tambayi hanya, a tabbatar mai aikawa da mai karɓa sunan guda suke kallo, a yi ɗanɗano, kuma hanyar da ɗanɗano ya bi ita babba zai bi.

Saura kuɗin mai na fitar da su. Mai Canji ya sa hannu a aljihu, Direba ya riƙe hannun.

"Ni zan biya."

"Jama'a ku shaida," in ji Mai Hoto, yana ɗaga kyamara. "Yau Yaya zai biya kuɗin shinge. Wannan hoton sai na sa shi a firam."

*

Washegari da hantsi Direba ya tsaya daidai inda ya tsaya ran nan, ya ɗaga murya daidai yadda ya ɗaga, ya faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Mai shayi ya shaida wa kowa cewa shi dama tun farko bai yarda ba. Da azahar matar nan da ta juya ta dawo, ta miƙa wayarta, ta ƙara da gaisuwa mai tsawo.

Bayan an yi aiki an cire auduga, wuri na farko da Inna ta ce a kai ta ba gidan 'yan uwa ba ne. Ta taho layin da ƙafarta, da baƙin tabarau na asibiti, ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata hannu. Direba na biye da ita da lema.

Ta tsaya a bakin rumfa ta dubi mutum biyun da suka miƙe.

"Kada wanda ya yi magana. Bari in gane da kaina." Ta nuna Diddigi. "Wannan mai kunnuwan shi ne mijina. Kai, da na san haka kake da na ƙara tunani." Sannan ta juya, ta ɗaga tabarau, ta daɗe tana kallon dattijon, furfurarsa da zaren da ya ɗaure tabaransa. "Kai kuma kai ne ɓarawon."

"Ni ne, Inna."

"Ashe haka ka tsufa. Na ce sai na fara ganin fuskar da aka zaga saboda ni, kafin in kalli ta wanda ya yi zagin." Ta mayar da tabarau. "Allah ya saka maka. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana."

Mai Canji ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Da suka tafi ya dafa teburin Diddigi.

"Ɗana, me zan ba ka?"

"Ka karɓi kuɗin hayar rumfar nan, Baba, ko sau ɗaya."

Dattijon ya juyo masa ɗaya kunnen, ya kama shi da yatsa.

"Me ka ce? Wannan ma ya fara lalacewa."